Hasken Da Ya Dace Da Fuskar Habi

"Na ce maka ba ni so! Ka maida akwatin hotonka kasuwa."

"Habi, don Allah..."

"Ka mance hoton da ka yi mini da aurenmu? Haƙora da idanu kaɗai aka gani. Ƙannenka sun yi ta dariya har damina ta kama!"

Mamani ya san gaskiya matarsa ta faɗa. A lokacin bai daɗe da dawowa daga Maraɗi ba, inda ya koyi ɗaukar hoto wurin wani mutumin Dahome, kansa sai hayaƙi yake. Ya tsayar da amaryarsa rana tsaka, rana a bayanta, ya buɗe idon akwati ya rufe da sauri kamar yadda ya ga ana yi wa matan Nasara. Ita kuwa Habi baƙa ce wuluk, irin baƙin nan mai sheƙi da ya hana shi barci tun ranar da ya gan ta a kasuwar Kornaka. Takarda ba ruwanta da wannan, ta fito da ita kamar bayan tukunya.

Yanzu ya gwanance. Tsoffin sojan Faransi da masu neman takardar shaida daga Kumandan, Baturen da ke mulkin garin, duk wurinsa suke zuwa. Ya san farin Buzu ba ya son a daɗe da buɗe masa idon akwati, baƙi kuwa sai inuwa da haƙuri. Fuskar rabin garinsu Dakoro ta bi ta akwatin nan, ban da ta matar da yake so.

Gobe kuma kamiyo, babbar motar kaya, zai tafi da ita gidan likita na Maraɗi. Lokotoro, likitan garinsu, ya ce tarin ya fi ƙarfinsa. Babu wanda ya furta sauran maganar, amma su biyun sun sani.

"Ba don ni ba, sanyin idona," ya ce a hankali. "Don Mariama. Kar ta tashi ba ta san fuskarki ba."

Habi ta kau da kai.

Mariama ita ce 'yarsu ta fari, kuma Habi ta riƙe kunyar fari gam-gam. Tun yaye Inna, mahaifiyar Mamani, ta ɗauke yarinyar. Habi ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa dubanta gaban mutane ba, sai dai ta ce "waccan". Dangi suna yaba ta, amma yaro bai san yabo ba. Da kunnensa Mamani ya ji yarinyar tana tambaya: "Inna, mi na yi wa Habi ba ta dubana?" Maganar ba ta bar ransa ba har yau.

"In za ka yi... ka yi da wuri," Habi ta ce daga ƙarshe, ba ta juyo ba.

Da hantsi ya ajiye mata kujera a inuwar ɗaki, inda rana ba ta taɓa ta. Ya ɗauko farin zane ya shanya kan zana ta gefen damanta, inda rana ke duka, hasken ya dawo mai laushi ya kwanta a kumatunta. Ya leƙa cikin akwati. Ta rame ƙwarai, amma kyan yana nan.

Inna da ƙannensa mata suka yi cirko-cirko suna kallo. Ya kama hannun Mariama ya tsayar da ita daidai gaban farin zanen.

"Habi, juyo da fuska wajen haske."

Ta juyo, idonta ya faɗa kan yarinyar, ta sunkuyar da kai da sauri.

"Mi kake yi haka?" ta raɗa. "Inna na nan!"

Mamani ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Inna, aikin ne ya zo da haka. In ba ta dubi wajen zanen ga ba, fuskar za ta sake fitowa baƙi ƙirin."

Rabin maganar gaskiya ce. Hasken yana can, amma ba wanda ya ce sai nan yarinya za ta tsaya. Inna ba jiya aka haife ta ba. Ta dubi ɗanta, ta dubi sarakuwarta.

"To ta duba mana! Mu mi muka sani ga aikin Nasara?" Ta juya kan 'yan matan. "Ku kuma kun saki baki, wa zai surfa hatsin?"

Ta kora su bayan ɗaki, tana share ido da gefen zane.

"Fuskarki na son lokaci," in ji Mamani. "Kar ki motsa, kar ki yi tari, sai na ce."

Habi ta ɗaga kai ta dubi 'yarta.

Ya cire murfin idon akwatin. Tari ya taso mata, ya ga wuyanta yana motsi, ta danne. Mariama, wadda ko sallah ba ta bari a yi cikin natsuwa, ta ƙame kamar an dasa ta. Bai taɓa jin tausayi irin na wannan lokaci ba. Da ya mayar da murfin bai ce an gama ba, ya bar su suna kallon juna har tarin ya ci ƙarfinta.

Nan take ya wanke hoton cikin akwati. Da ya miƙa mata da ɗanshinsa, ta daɗe tana dubawa. Goshi, kumatu, tsagen gefen idonta, komai ya fito sumul.

"Ashe haka nike?"

"Haka kike, Habi tawa."

"Ka ba ta... ka ba Mariama."

Sunan ya fito da ƙyar, kamar mai koyon magana.

Kafin a yanke gero, direban kamiyo ya yi sallama ƙofar gida ya cire hularsa, ya kawo labarin rasuwar Habi.

Bayan an watse daga zaman makoki, Mamani ya ɗora yarinyar kan cinyarsa ya ba ta hoton. Ta riƙe shi hannu biyu, ta sa yatsa kan idon uwarta.

"Baba, wa take kallo?"

"Ke, ɗiyata. Ke take kallo."

Mariama ta yi murmushi, ta ɗago kai.

"To ka ce mata ta dawo ta ƙara."