Ƙwai Goma Sha Huɗu a Gindin Sabara

Tayar motarmu ta fashe ana gab da magariba, a hanyarmu ta dawowa Gwandu daga Kalgo, daidai wata karyayyar kwalbati mai giginya ɗaya tsaye a gefenta. Daga gaida Inna mahaifiyata nake, tare da ɗiyata Jidda mai shekara uku, ga cikin wata biyar. Duk macen da ta taɓa ciki ta san fitsari ba ya jiran kowa. Na bar Jidda a hannun wata fasinja, na tsallaka kwalbatin na shiga cikin sabara.

An yi ruwa da rana. Ƙasa na ƙamshi, kwaɗi sun fara kuka. Ina gamawa zan miƙe sai idona ya faɗa kansu. Ƙwan zabi ne, jere cikin wani ɗan rami a gindin sabara, an share kewayen wurin tas. Na ƙirga, goma sha huɗu.

Bari in gaya muku halin da nake ciki, kada ku ce kwaɗayi ne zalla, ko da yake akwai shi. Ciwon kaji ya shigo unguwarmu da bazara ya share mini akurki. Cikin kaji ashirin da biyu wata jar kaza ce kaɗai ta tsira, ita ma don taurin rai. Ga shi ta hau kwanci babu ƙwai ko ɗaya a ƙarƙashinta, tana zaune a kan ƙasa tana hararar mutane. Maƙwabciyata Yaya Salamatu kuwa ɗanta ya aiko mata da injin ƙyanƙyasa mai aiki da hasken rana, kullum ina jin 'yan tsakinta ta bayan katanga. Abin yana cina, ba zan ɓoye ba.

Kuma na san ƙa'ida. Mu da muka tashi cikin kiwon zabi, tun muna yara Inna ta koya mana cewa ba a sa hannu a sheƙar zabuwa, da ludayi ake ɗiba, kuma komai buƙatarka sai ka bar mata ɗaya. Na sani sarai. Amma an gama canza taya, ga direba yana ta danna hon, ga duhu na sauka. Na tara gefen hijabina na kwashe su da hannu, kaf. Da ɗuminsu.

Ina tsallako kwalbatin kwaɗin nan suka yi tsit. Ban kawo komai a raina ba.

Muna shiga gida Jidda ta sa kukan yunwa, ni kuwa ban ɗora komai ba. Na kunna risho na dafa mata ɗaya. Ta cinye har da lasar yatsu. Sha ukun na tura wa jar kaza, ta buɗe fukafukai ta rufe su ruf, na ce madalla.

Washegari Jidda ba ta yi magana ba.

Ku gane, shekara takwas na yi a gidan mijina Haliru kafin Allah ya ba ni yarinyar nan. Kuma da ta zo sai ta zo da baki. Ita ke tashinmu tun asuba, sai ta tambayi sunan kowane ƙwaro a tsakar gida. Ranar nan ta tashi ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Jikinta zafi rau. Haliru ya ɗauke ta zuwa asibiti, aka ɗibi jini, aka ce babu zazzaɓin sauro, aka ba mu magani. Ya biya wurin malaminsu ya karɓo rubutu. Ko ɗigo bai wuce maƙoshinta ba.

Rana ta biyu ta ƙi kunu, ta ƙi tuwo. Na same ta a bakin turmi tana tsintar ƙwayar gero a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya.

Rana ta uku ta daina tafiya. Sai ta ja jiki zuwa bakin akurki, ta haɗe gwiwa da ƙirji, ta cusa kai tsakani, ta dunƙule. In na miƙar da ita ta sake dunƙulewa. Na yi kuka, na yi addu'a, na zagi kaina ban ma san laifin da nake zagi ba. Na cikina kuwa sai motsi yake, lafiyarsa lau.

Rana ta huɗu da magariba Haliru ya fita masallaci. Ina tsugune kusa da Jidda ina shafa mata ruwa. Unguwarmu a wannan lokaci ba ta shiru: kaji na hawa makwanci, wata na kiran 'ya'yanta, injin markaɗe na ƙarasa aikin yini. Sai komai ya ɗauke lokaci guda. Har 'yan tsakin Yaya Salamatu.

Wani wari ya taso, irin na jiƙaƙƙen gashin tsuntsu.

Sai na ji ana karce katangar bayan akurki daga waje. A hankali. Ƙarat. Ƙarat.

Muryar mace ce, can ƙasa-ƙasa, kamar bakinta na manne da ginin.

"Ba ki bar min ko guda ba."

Jidda, wadda ta kwana uku ba ta waiwayi kirana ba, ta ɗago kai ta juya wajen muryar.

Ban san lokacin da na sure ta na faɗa gidan Yaya Salamatu ba, ko takalmi babu. Na zayyane mata komai ina haki. Dattijuwar ta dafe ƙirji.

"Ke Larai! Mi kinka aikata haka? Ƙwai a daji, wuri sharar tas, babu gari kusa, ki ce na banza ne? Akwai masu kiwon da ba mu gani."

"Yaya, ki taimake ni. Ita ke nan gare ni a hannu."

"Gobe kafin rana ta faɗi ki mai da su inda kinka ɗauka. Da ludayi. Ki tafi da ɗiyar." Ta kafe ni da ido. "Duka suna nan?"

"Duka," na ce. Kunya da tsoro suka sa ni ƙarya.

Da safe na shiga kasuwar Gwandu layin masu ƙwan zabi. Na zagaya ƙwarya ta fi goma ina juya ƙwai, har wata Bafillatana ta tambaye ni ko ƙwan da zan aura nake nema. Na zaɓi ɗaya mai girma da launi irin nasu. Na cusa shi cikin ɗaurin zanena, jikin fata, don ya ɗauki ɗumi. Wai ni dabara. Haliru kuwa na ce masa Kalgo zan kai yarinya Inna ta gwada nata maganin. Ya raka mu tasha idonsa jajir.

Motar ba ta cika da wuri ba. Ina zaune ina kallon rana tana gangarawa, ƙwaryar ƙwan a cinyata, Jidda a dunƙule a jikina. Da na hango giginyar na buga ƙofa na ce a sauke ni.

Direba ya ce, "Baiwar Allah, nan babu gari fa."

"Za a zo tarbata."

Motar ta tafi. Na goya Jidda na ɗaure da majanyi tam. Rana ta rage jan baki kaɗai. Na tsallaka kwalbatin.

Babu kwaɗo, babu tsuntsu. Takuna kawai, da numfashin Jidda mai zafi a wuyana.

Ramin yana nan. Na durƙusa, na yi bisimilla, na fara saukewa da ludayi.  Na ciro na kasuwa daga zanena na sa shi a tsakiya. Goma sha huɗu cif.

Warin ya iso kafin ita.

Ban ji takunta ba. Na dai ga ƙafafu a ɗaya gefen ramin, sirara, fatarsu a tsattsage. Zanenta baƙi ne mai ɗigo-ɗigon fari. Ban ɗaga kai na wuce ƙirjinta ba, kuma har gobe ina gode wa Allah da haka.

Ta tsuguna. A hannunta akwai wani dogon ludayi, tsoho, ya yi baƙi. Ta riƙa juya ƙwan da shi, ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ta taɓa sai in ji ɗan ƙwanƙwasa daga cikinsa.

Ta zo kan na tsakiya. Shiru.

Ta ture shi gefe. Ya gangaro ya tsaya a gwiwata.

"Wanga ba nawa ne ba."

Ta nuna ni da ludayin.

"Ina nawa?"

"Yarinya ta ci," na ce. "Ni na dafa, ni na ba ta. Ita ba ta san komai ba. Don Allah."

"Na sani. Yana wurinta."

Majanyin ya fara sassautawa da kansa. Na ji Jidda tana zamewa, tana miƙa wuya ta kan kafaɗata wajen matar. Na kai hannu baya na damƙe ƙafafunta.

"Ki ɗauki kazata. Ki ɗauki duk abin da ke ɗakina. Ki ɗauke ni!"

"Ke mi zan yi da ke?"

 Na ji idonta yana yawo a jikina. Na cikina ya harba da ƙarfi, har zanena ya motsa.

"Ashe biyu gare ki."

Wayyo Allah. Da na iya ɓoye cikin nan da na ɓoye.

"Ni ba ni yi miki yadda kinka yi min," in ji ta. "Ni na san ƙa'ida. Guda zan ɗauka, in bar miki guda. Wanne zan ba..."

"Jidda!" na ce. "Bar min Jidda!"

Ta miƙo ludayin. Ba ta taɓa ni da hannu ba. Bakinsa ya ɗan gogi zanena a ƙasan cibiya, sanyi ƙalau.

Babu ciwo. Ko kaɗan.

Sai na ji sakayau.

Ta janye ludayin a hankali, tana tare shi da ɗaya hannun kada abin da ke ciki ya faɗi. Ta sauke shi a tsakiyar ramin. Ta gyara zama, ta baza zanenta a kansu.

"Inna, ruwa," in ji Jidda a bayana.

Na zabura. Ƙaya ta yage mini hijabi, na faɗi a bakin kwalbati na tashi, ban waiwaya ba. Na tsaya a tsakiyar titi ina ɗaga hannu har wata motar albasa ta ci burki a gabana. Kwaɗi suna ta kuka kamar babu abin da ya faru.

Jidda ta sha ruwa roba guda a motar nan, ta tambayi direba sunansa da sunan garinsu. Kafin mu kai Gwandu zafin jikinta ya sauka.

Ban ga jini ba, daren nan ko bayansa. Da sati ya zagayo na je awo, aka yi mini hoton ciki. Malamar asibitin ta duba katina, ta duba allon na'urar, ta kira wata ita ma ta duba. Suka tambaye ni ko na tabbata wannan katin nawa ne.

Matan unguwa suka ce ciki ne ya kwanta, ana yin haka, wata rana zai tashi. Haliru ya yarda da su. Ban da Yaya Salamatu. Ta dube ni sau ɗaya ta kawar da kai.

Shekara uku ke nan. Jidda ta shiga makaranta, malamansu har ƙara suke kawowa kan surutunta. Ban sake samun ciki ba. Haliru, bawan Allah, har yanzu in ya dawo sallar asuba yakan tofa addu'a a ruwa ya miƙo mini, ya ce Allah ya tashe mana shi lafiya. In karɓa in shanye, in ce amin.

Ban taɓa gaya masa an ba ni zaɓi ba. Da za a sake tambayata, amsar da zan bayar ke nan, na san wannan. Amma ya yi motsi a jikina a daidai lokacin, da ransa, ni kuwa ko bari matar ta ƙarasa tambayar ban yi ba.