Ruwan Kabeji

"Na kama ta! Inna Desanka, sauko ki ga surukarki!"

Kofin ya suɓuce daga hannun Smiljana. Dawowarsu daga coci ke nan ta sulale ɗakin ajiya, tana kwankwaɗar ruwan gishirin da aka jiƙa kabeji a ganga. Biljana, maƙwabciyar da ke mutuwar son Urosh, saurayin da Smiljana za ta aura, ta ritsa ta, baki har kunne.

A ƙauyen nan kuwa budurwa ba ta shan ruwan nan sai in ciki gare ta.

Desanka, mahaifiyar Urosh, ta sauko tana huci.

"A gidana? Ciki kafin biki? An fasa!"

"Inna, ciwo ne... jikina ba ya riƙe gishiri..."

Ba ta ƙarasa ba ta zube.

Urosh ya faɗo ɗakin a guje, ya tallabo ta.

"Rayuwata! Kin sha ƙwayoyinki da safe?"

"Biljana ta ce... Inna ba ta son wadda ke haɗiyar komai kafin a karɓi Jibin Ubangiji a coci..."

Ya zaro allura daga jakarta ya caka mata a cinya.

"Mama, wani abu a saman ƙodarta ne ya daina aiki! Ƙwaya ɗaya ke ba ta ƙarfi, ɗaya ke riƙe mata gishiri. Ta bar su yau don ki so ta!"

Jikin tsohuwa ya yi sanyi. Ta juya kan Biljana.

"Da sunana kika so kashe 'yar mutane? Fita, munafuka!"

Washegari a asibiti Smiljana ta ga Desanka tsaye a kanta. Shi ke nan, ta rasa Urosh!

"Kai, koya min allurar nan," tsohuwa ta ce wa Urosh.

"Mama, ke da ganin allura ke sa ki suma?"

"Rufe min baki! In kana gona, wa zai zauna da 'yata?"

'Yata!

Smiljana ta fashe da kukan daɗi.

"Inna, ba a fasa ba?"

"Wa ya isa? Ki warke kawai. Ranar bikin nan ni zan ja layin rawa, hannunki cikin nawa, duk ƙauyen su gani!"