Ƙahon Jatau

Magogiya, sabon injin gyaran sauti, ta kama aiki tun ƙarfe tara na safe. Ta zuro siririn hannunta na ƙarfe, ta kamo bakin tef ɗin, ta shiga jansa ta ƙarƙashin wani shuɗin haske, allon bango yana ta zana sautin da take ji. Gwaji ne kawai, da tef ɗin wata tallar sabulu da babu mai kukan rashinta. Cikin minti shida ta gama. Muryar mai tallar ta fito tas, tef ɗin kuwa ya zubo ta ɗaya gefen, ya zama gari.

Haka injin yake. Hasken da yake karatu da shi yana ƙone tsohon tef, saboda haka sau ɗaya tak ake karantawa. Kuma ba ya ajiye abu yadda ya same shi. Yana karantawa yana gyarawa, duk sautin da ya kauce wa ma'auni komai ƙanƙantar kaucewar sai ya miƙar da shi. Da ya gama, Rumbun Sauti na birnin Kaduna yakan maye gurbin tsohon da sabon a ko'ina, daga 'yar na'urar kunnen direban jirgin gada, mai bin dogo ta saman gari, har lasifikar mai shayi. A shekarar 2141 babu wanda ya mallaki waƙa, kowa daga Rumbu yake ɗiba.

Lantana, wadda ta shekara talatin da ɗaya tana riƙe da makullin ɗakin tsofaffin faifai, ta harɗe hannu tana kallon garin tef ɗin, ta taɓe baki.

"Kin gani ko, Anti?" in ji Dakta Fu'ad, wanda ya ƙera injin. "Gobe sai Inuwar Gada."

Dakta yaro ne a wurinta, haihuwar bene hawa na casa'in, inda ake tashi da injin tafinta a kunne. Digirinsa uku, amma Hausarsa a kwance take shame-shame, ba hawa ba sauka. Idan ya ce "kuka", sai ka jira ƙarshen maganar kafin ka gane ta miya ce ko na jariri.

Inuwar Gada kuwa faifai ne na kiɗan jaz da rok, wanda wasu samari shida 'yan Kakuri suka naɗa shekara ɗari da sittin da suka wuce. Shekara biyu suka yi a situdiyo a kan waƙoƙi bakwai. Makaɗan ganga biyar suka sallama kafin su sami wanda hannunsa ya yi musu. Jita da fiyano da ƙaho duk suka zauna daram, babu abin da ya taka wani. Yanzu injuna na haifar sababbin waƙoƙi dubu arba'in kullum, amma idan ma'aikata suka taso da la'asar, wannan tsohon faifan suke nema. Abin ya tsaya wa Dakta a rai.

"Sirrinsa a fili yake," ya ce. "Sumul yake, shi ya sa. To na bincika kwafin Rumbu, na sami kurakurai ɗari huɗu da goma sha biyu, kuma dukansu a ƙahon mutumin nan ne, Jatau. Yana zamewa daga ma'auni. Idan aka goge su, faifan ya cika."

"Ba zamewa yake ba, Dakta. Magana yake."

"Magana?"

"Jatau jikan masu algaita ne. A gidansu ba a busa banza. Muryar kalma yake bi da ƙahon, inda ta hau ya hau, inda ta faɗi ya faɗi. A waƙa ta farko cewa yake, sannu da aiki mutanen gari, ina gajiya. A ta huɗu mai situdiyon yake yi wa habaici, wai maigida ka cika takura, an yi sau ɗari ka ce a sake. Uwata tana suya tana amsa masa. Ka taɓa ganin mai shayi yana dariya shi kaɗai idan an sa ta huɗu? To abin da yake ji ke nan."

Dakta ya yi murmushin da ake yi wa tsohuwar da ta ce ta ga aljani. "Anti, ma'auni bai nuna wata magana ba."

"Ma'aunin naka jin Hausa yake?"

"Hukuma ta riga ta sa hannu."

Gaskiya ne, ta sa. Amma makulli na hannun Lantana, kuma ta san hanyoyi goma na jan ƙafa. Tana iya cewa tef ɗin ya sha laima, sai an shanya shi wata shida. Tana iya hawa sama ta yi wa shugabanni bori. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta raina yaron, ta raina injinsa fiye da shi. Wannan gwangwanin ne zai taɓa ƙahon Jatau? Ta yi imani da zuciya ɗaya cewa zai shaƙe a tsakiya, a yi ta dariya, ta ɗauki abinta ta mayar. So take ta ga idon Dakta a ranar. Washegari da hannunta ta buɗe akwatin tef ɗin ta miƙa.

Magogiya ba ta shaƙe ba. Minti arba'in da ɗaya, ta cinye tef ɗin tas.

Aka yi bikin ƙaddamarwa, aka sha tafi. Hukuma ta ba da umarni a riƙa sa sabon faifan a kowace lifta, kowane jirgin gada, kowane ɗakin jira. Kuma wallahi ya yi kyau, babu mai musu. Ƙahon yana tafiya santsi, kowane sauti a mazauninsa. Ba ya dai cewa komai.

Lantana ta jira birni ya tashi. Ko tari ba a yi ba. Mutanen da suka gaji faifan nan tun kakanni ba su ma san abin da aka cire musu ba. Sai dai ka ji mutum ya ce, "Kai, kiɗan nan ya fara gundurata," ya matsa gaba. Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Ta riƙa kallon su a jirgi tana jin kamar ta tofa musu yawu, alhali ta san hannun wa ya juya makullin.

Bayan wata huɗu, ranar wata Talata da hantsi, Dakta ya sauko ɗakinta da kansa, riƙe da makirfo. Ya rame. Masu neman faifan sun faɗo daga miliyan biyu a rana zuwa ɗari uku, shugabanni kuma sun fara yi masa wani irin kallo.

"Anti, na zo neman alfarma. Kin ce kin san abin da ƙahon yake faɗa. Ki rera mini yadda yake busawa, injin zai koya ya mayar."

Daɗi ya kama Lantana har cikin ƙashi. Ta bar shi a tsaye, ta gama shan kununta, ta goge baki.

"Ashe ma'auni bai iya ba?"

"Bai iya ba, Anti."

"Sake faɗi, kunnena ya tsufa."

Ya sake faɗi. Sannan ta jawo makirfon, ta gyara zama, ta rufe ido. Shekara hamsin da takwas tana jin wannan busa, tun tana goye. Ta ɗauko waƙa ta farko daga farkonta, ta bi ta a hankali.

Tana cikin rerawa ta ji wani abu bai yi daidai ba. Kalmomin na nan a kanta, ta san sannu da aiki ne, amma inda ƙahon yake karyewa ya faɗo, muryarta sai ta wuce santsi. Ta tsaya, ta sake. Haka. Wata huɗu tana shan sabon a lifta da safe, a jirgi da yamma, tana tsaki tana ji. Ta gwada ta huɗu, ta habaicin, ita ma santsi ta fito.

Dakta bai dube ta ba, allonsa yake kallo. Ya yi magana, muryarsa can ƙasa.

"Anti, babu kuskure ko ɗaya."