Ɗingishin Baba Siddo

A shekarar 1963, lokacin da sabuwar tuta ba ta ko fara koɗewa ba a ƙofar gidan kumandan, Alfari ya dawo Gaya daga Dakar da takardar shaidar wasan kwaikwayo a ƙasan akwatinsa. Shekara uku ya yi yana koyon yadda ake tsayuwa, da yadda ake kuka, da yadda ake mutuwa a kan dandamali. Da ya dawo aka ba shi aji a lakwal, wato makarantar boko, gari ya koma kiransa Mushe, yadda ake kiran malamai da Faransanci.

Wata Lahadi da hantsi yana tsakar gida yana ɗaga hannu sama yana zuba Faransanci, sai kawunsa Jibo, wanda ya rene shi tun rasuwar uwarsa, ya ajiye raken da yake sha.

"Kai Alfari, da wa kake faɗa?"

"Tiyatar ne, Kawu, wasan kwaikwayo. Wani sarki ne ke ban kwana da ɗansa."

"To sarkin nan ba ya jin Hausa ko Dandanci? Wancan karon kumandan kaɗai ya tafa maka, shi ma don ka gama ne!"

Maganar ta soke shi, domin gaskiya ce. Da yamma ya kai kukansa wurin Mariyama, 'yar Baba Siddo masunci, wadda aka riga aka kai goron tambayarta, ana jiran a gama yankan shinkafa a sa rana.

Ta yi dariya ta ce, "Mushe, ina ruwanmu da sarkin da ba mu san kakansa ba? Yi mana wasan da za mu ga kanmu a ciki."

Sai ya zauna ya tsara wasa da Hausa a kan wani tsohon masunci mai gardama, domin bikin ranar Jamhuriya, sha takwas ga Disamba. Shi da kansa zai fito a tsohon.

Ga inda kuskuren ya samo asali. A Dakar an koya masa ya riƙa kallon mutane yana ɗaukar motsinsu. Amma a ƙasar nan saurayi ba ya ɗaga ido ya dubi surukinsa. Duk sa'ad da ya hango Baba Siddo, sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ido a ƙasa. Fuskar tsohon bai san ta sosai ba. Ƙafafunsa ya sani: yadda ta hagu ke karkacewa ta ja ƙasa kafin ta dama ta biyo. Tafiyar nan ta shige jikinsa bai ankara ba.

Ran biki bayan la'asar filin lakwal ya cika, har mutanen Malanville sun ƙetaro gada. Alfari ya fito da tsohuwar koma a kafaɗa. Taku uku ya yi, wata mata ta kwarma ihu:

"Wallahi Siddo ne!"

Fili ya kece da dariya. Alfari, da bai taɓa jin garinsu ya yi masa dariya ba, ya ɗauka sa'a ce, ya ƙara jan ƙafar. Sai da ya ga wani tsoho ya miƙe, ya naɗe tabarmarsa, ya ratsa mutane ya fita da irin tafiyar da shi yake yi, sannan ya gane Baba Siddo yake kwaikwayo.

Washegari goro ya dawo a ƙwaryarsa. Kawu Jibo ya ajiye shi a gabansa.

"Ya ce a gaya maka ya gode. Ba ya bukatar madubi a gidansa."

Alfari ya sami Mariyama a bakin kogin Kwara tana wanki, idanunta sun kumbura.

"Na rantse ban yi da gangan ba, Mariyama!"

"Na sani. Ka san abin da ya sami ƙafar?"

Ya girgiza kai.

"Ka ɗauki ɗingishin ka bar dalilinsa. Tun ba a yi gada ba, dorina ta kifar da jirgin fito ran kasuwa. Baba ya faɗa ruwa ya tsamo mutum bakwai, ta kama shi a ƙafa a na ƙarshe. Mace ce mai goyo. Je ka tambayi kawunka ko wace ce." Ta matse zanen da ke hannunta. "Ni ba zan saɓa wa Baba ba. Kuma ba zan kalli wani ba. Iyakar abin da zan iya ke nan."

Da ya tambaya, Kawu Jibo ya ce:

"Uwarka ce. Kai ne a bayanta. Siddo ya hana a faɗa maka, wai kada ka riƙa gaishe shi don dole."

A watan nan takarda ta zo daga Yamai, ana nemansa aiki a gidan rediyo. Ya karanta sau biyu, ya linke, ya sa ƙarƙashin waccan ta Dakar. Kullum bayan sallar asuba, kafin a buga ƙararrawar lakwal, sai ya gangara bakin ruwa. Ya kwashe ruwan da ya kwana a jirgin tsohon, ya shanya taru, ya koma gefe ya durƙusa. Baba Siddo bai kore shi ba, bai kuma amsa gaisuwarsa ba. Zafi ya zo ya wuce. Damina ta sauka. Hannun Mushe ya yi kanta.

A wata na takwas, tsohon na ɗinkin taru, ya ce ba tare da ya waiwayo ba:

"Ɗan lakwal, me kake nema?"

"Gafara, Baba. Da izinin in faɗa wa gari labarin ƙafar nan."

"A yi mini dariya karo na biyu?"

"In mutum ɗaya ya yi dariya, na bar Gaya, ba za a sake jin sunana a ƙofar gidanka ba."

Tsohon ya ciji zare ya tsinke.

"Na ji. Zauna. Ran Talata ne, ruwa ya cika..."

Da Disamba ta zagayo, fili ya fi na bara cika. Alfari ya fito yana tafiya miƙe, saurayi mai ƙarfi. Aka yi jirgi da tabarmi, aka yi ruwa da shuɗin zane. Jirgi ya kife. Ya shiga ya fito, ya shiga ya fito, har sau bakwai. Da ya tashi na ƙarshe, sai ƙafar hagu ta karkace ta ja ƙasa. Tafiyar bara ce, ba a rage kome ba. Fili ya yi tsit, sai shessheƙar tsofaffin mata da suka san ranar.

Kwatsam Baba Siddo ya miƙe.

"Tsaya! Ba haka aka yi ba!"

Mariyama ta dafe ƙirji. Alfari ya sandare.

"Da hagu na riƙo matar, da dama na tallafe kan jaririn. In za ka yi ni, yi ni daidai!"

Tsohon ne ya fara dariya, hawaye na bin gemunsa, sannan fili ya ɗauka.

"Wannan dariyar tawa ce, ba ta cikin sharaɗi," in ji shi. "Jibo! Ina goron nan?"

"Ai mun cinye tun bara, don baƙin ciki!"

"To a kawo wani."

Aka ɗaura aure bayan yankan shinkafa, shekara guda cif da lokacin da aka so. Alfari ya yi shekara talatin yana wasa da Hausa da Dandanci, daga Gaya har Yelu da Karakara, bai sake kwaikwayon kowa a dandamali ba sai ya fara zama a ƙofar gidansa ya ji labarinsa. Yau an gina azuzuwa a filin nan, waɗanda suka yi dariyar farko da ta biyu kuwa sun kusa ƙarewa.

Yara, ku riƙe wannan. Kafin ku yi wa tafiyar mutum dariya, ku tambayi abin da ya taka. Wanda kuma ya ɓata da manya, haƙuri ne zai gyara masa, ko da zai ci wata takwas a durƙushe a bakin ruwa.