Ido a Saman Bene

"Madina, ki zauna tukuna... don Allah ki zauna."

Ƙawarta Sa'adatu ce ta faɗa, hannunta ɗaya a bayanta ta ɓoye waya.

Shagon ɗinkin da suke koyon sana'a a bakin kasuwar Bodinga ya yi tsit. Kekuna huɗu duk sun tsaya. 'Yan matan da Madina ta jiyo dariyarsu tun daga waje, kowacce ta sunkuyar da kai kamar mai neman allura a ƙasa.

"Mi yaf faru? Rasuwa anka yi?"

"Ba wanda yar rasu."

"To ba ni wayar."

"Ƙawata..."

"Na ce ki ba ni!"

Ta fizge. Bidiyo ne, bai kai minti ɗaya ba.

Turmin Inna ta fara ganewa. Sai igiyar shanya. Sai randar da ke gindin darbejiya.

Tsakar gidansu ce, an ɗauko ta daga sama.

Ga ta nan a tsakiya da ɗaurin ƙirji, kai babu ɗankwali, kitso rabi a tsefe, ta rungume tsintsiya tana juyi da ita tana dariya. A ƙasa an rubuta: "Ga ɗiyar Malam, amaryar bana."

Ta san ranar. Asabar ɗin da kawunnan Mubarak suka zo daga Shagari aka sa ranar aurensu ce. Baƙi na fita murna ta kwashe ta, ta yi rawar da ba ta taɓa yi gaban kowa ba sai mahaifiyarta.

"Mutum nawa sunka gani?" ta tambaya da ƙyar.



Ta ja hijabinta har kan hanci ta fita. Tafiyar da ta saba yi cikin minti goma ta zame mata kamar ba za ta ƙare ba. Mai shayi ya ɗago kai. 'Yan kabu-kabu biyu suna leƙa waya ɗaya. Wataƙila ƙwallo suke kallo, wataƙila ba ita ba ce... amma jikinta ya ba ta duk garin ita yake kallo.

Tana shiga gida ta ɗaga kai.

Katangarsu kakanta ne ya gina ta, ya ɗaga ta yadda ko mai raƙumi ba zai leƙo ba. Shekara hamsin tana rufa musu asiri, har bara da Alhaji Ɗantani, dillalin shanu, ya sayi filin da ke jikinsu ya tayar da bene. Tagogi uku suka buɗe baki a kan tsakar gidan. Malam Shaihu, mahaifinta, ya yi magana sau ɗaya, aka ce za a sa labule, ya yi shiru don zaman maƙwabtaka.

A ƙarƙashin rufin benen, ga wani farin abu mai baƙin ido ɗaya.

Kyamara.

 Ta tuna wanda ya ɗaura ta.

Mubarak! Mubarak ɗinta, mai aikin sola da kyamarori, wanda ya kwana biyu yana hawa tsani a gidan nan bayan an sace wa Alhaji babur. Har abinci ta aika masa a kwano mai murfi.

Wayarta ta yi ƙara. Shi ne.

"Hasken idona, kina ina? Ki saurare ni..."

"Kai kaɗ ɗaura ta?"

"Madina, wallahi lungu na sa ta kallo, ba gidanku ba."

"Kai kaɗ ɗaura ta ko ba kai ba?"



"Ni ne."

"To ka gama da ni, Mubarak. Da hannunka ka tsiraita ni."

Ta kashe wayar gaba ɗaya, ta cusa ta ƙarƙashin katifa.

Kwana tara ba ta leƙa ƙofar gida ba.

Gidan ma ya canza. Inna ta kwashe murhu ta mayar cikin ɗan madafi mai hayaƙi, tana girki tana tari. Shanya ta koma ɗaki. Ko ban ɗaki Madina za ta, sai ta zura hijabi har ƙasa ta bi jikin bango da sauri, cikin zafin da ke sa ƙarfen ƙofa ƙuna. Darbejiyar da suke shan iska a gindinta ta koma ta awaki.

Abin da ya fi ci mata rai shirun Malam ne.

Bai yi faɗa ba. Bai tambaye ta komai ba. In ta kai masa ruwan alwala sai ya karɓa idonsa a ƙasa. Ta ji Inna na faɗa wa wata maƙwabciya cewa ya daina zama a majalisar ƙofar masallaci, daga sallama sai gida.

Mutumin da ya karantar da rabin unguwar nan... ita ta sa shi ɓuya.

Rana ta biyar saƙo ya zo daga Shagari. Hajiya Salamatu, mahaifiyar Mubarak, ta aiko ƙanwarta.

Madina na ɗaki tana jin su.

"Hajiya ta ce a ɗan dakata da maganar biki. Abin ya kai har Dandin Mahe, 'yan uwa sai kira suke. Ta ce ita ba ta saba da surukar da duniya ta gama kallo ba."

"Cikin gidan ubanta take fa!" Inna ta ce.

"Mu dai abin da munka gani ke nan."

Da Malam ya dawo aka faɗa masa, kalma biyar ya yi.

"A haɗa musu kayansu gobe."

Madina ta toshe bakinta da filo don kada a ji kukanta. Tana jin haushin Mubarak har cikin ƙashinta, amma da Inna ta jawo akwatin sa-rana daga ƙarƙashin gado, sai ta ji kamar ranta ake ja. Akwatin ya zauna a bakin ƙofa, ba wanda ya zo ɗauka.

Sa'adatu ce kaɗai ke zuwa.

"Kullum Mubarak yana shago yana tambayarki. Ya rame, Madina. Ya ce in hwaɗa miki bai yi barcin kirki ba tun ranar."

"Shi ya sani."

"Kin san kyamarar nan juyawa take? Da waya ake juya ta. Alhaji bai iya ba, sai yac ce a sa a wayar Atika."

Madina ta ɗago.

Atika, 'yar Alhaji Ɗantani. Mahaifiyarta da Hajiya Salamatu 'yan ɗaki ɗaya ne, kuma kowa ya san tun suna yara Hajiya ke kiranta "matar Mubarak". Ranar da aka sa rana, Atika ce kaɗai a lungun ba ta shigo taya murna ba.

"Ba ni da shaida," Madina ta ce a hankali. "Kuma ko ita ce, wa zai goge abin daga idon mutane?"

Rana ta goma, bayan la'asar, hayaniya ta tashi a ƙofar gida.

Inna ta leƙa zaure ta dawo da sauri.

"Sa hijabinki, Malam na kira."

Zauren ya cika. Mai unguwa na kan tabarma, Alhaji Ɗantani a gefensa yana ta share zufa da hula. Ta ɓangaren mata ga Hajiya Salamatu da kanta, fuska a ɗaure. Kusa da ita Atika, ta dunƙule wuri ɗaya.

A tsakiya Mubarak ne durƙushe. A gabansa farar kyamarar, wayoyinta a tsinke.

Madina ta kau da kai. Zuciyarta kuwa ta ƙi kau da nata.

"Allah shi gafarta Malam," Mubarak ya fara. "Ban zo kare kaina ba. Ni naɗ ɗaura abin ga. Da na hau tsani na ga tsakar gidanka da idona, na san in an juya ta za ta gani. Ya kamata in ce ba ni yi, ko in sa wadda ba ta motsi. Ban ce ba, don kada Alhaji shi ga kamar ban iya aiki ba. Wannan laihina ne, kuma gaban mutane nike son in amsa shi."

Ya juya wajen mai unguwa.

"Ranka shi daɗe, na'urar na ajiye bayanin duk wayar da ta juya ta, da rana da lokaci. Na nuna ma Alhaji. Waya guda ce. Sati shida ana juya ta kan gidan ga."

Sati shida!

Madina ta ji kamar an kwara mata ruwan zafi. Wanka, tsifa, barcin rana a tabarma, Inna da zani ɗaya... sati shida.

"Atika," Alhaji Ɗantani ya ce ba tare da ya dube ta ba, "buɗe baki ki yi magana."

Atika ta fashe da kuka.

"Ni dai kallo nike... ina son in ga mi take da shi da ni ban da. Ranar da na ga tana rawa, na san an sa rana, sai raina yaɓ ɓaci. Mutum ɗaya na tura ma, wallahi mutum ɗaya! Ban san zai kai haka ba."

Wani ƙanin Inna da ke bakin ƙofa ya zaro wayarsa.

"To ta maimaita. A ɗauke ta tana hwaɗi, a watsa kamar yadda ta watsa. Garin da yag ga waccan shi ga wagga!"

Mutane suka fara gyaɗa kai. Ya ɗaga wayar ya saita ta kan Atika. Atika ta rufe fuska da tafin hannu, jikinta na karkarwa, tana neman inda za ta shige.

Madina ta san wannan karkarwar. Kwana goma tana fama da ita.

"Kawu, a'a."

 Ita kanta ba ta san muryarta za ta fito ba.

"Don Allah ka aje wayar. Kar a ɗauke ta."

"Ke da anka zalunta?"

"Ni na san yadda abin yake. Ko abinci ba ya wucewa. Ba ni son a ce saboda ni wata ta ɗanɗana shi... ko da ita ce."

Kawun ya sauke hannu a hankali.

Sai a lokacin Malam Shaihu ya ɗago ya dubi 'yarsa, karo na farko cikin kwana goma. Idanunsa sun yi ja.

"Madinatu."

"Na'am, Baba."

"Kin zaci hushi nike da ke?"

Ta gyaɗa kai.

"Kunyarki nike ji, ɗiyata. Ni ag gaba da gidan ga. Na ga tagogin nan, na ga abin ga a rataye, na yi shiru don kada a ce Malam ya cika magana. Ke ba ki yi komi ba. Murna kinka yi cikin gidan ubanki, inda Allah ya halatta miki."

Kukan da ta danne ya ƙwace. Inna ta rungume ta.

Mai unguwa ya yanke magana: tagogin ukun za a toshe su da bulo, a buɗe wasu ta gefen titi, kuma kyamara ba za ta sake kallon gidan kowa a lungun ba. Alhaji Ɗantani ya amsa da "na yarda" tun kafin a rufe baki.

Da aka fara watsewa, Hajiya Salamatu ta matso. Ta daɗe tsaye tana murza bakin mayafinta.

"Ɗiyata... ni ma na kalla. Har na nuna ma wasu. Ban da bakin da zan ba ki haƙuri." Ta juya ga Inna. "Kayan nan, don girman Allah, a mayar da su ƙarƙashin gado."

Inna ta dubi Malam. Malam ya dubi Madina.

Madina ta sunkuyar da kai, ba ta ce a'a ba.

Mubarak ya tsaya a bakin zaure har kowa ya fita.

"Madina..."

"Ban huce ba."

"Na sani."

"Kuma abin bai gogu ba. Yana nan cikin wayoyin mutane."

"Na sani, rabin raina. Ba ni iya goge shi. Amma duk inda za a nuna ki da yatsa, ina son a same ni tsaye kusa da ke."

Ta share hawaye da bakin hijabi.

"Ka rame."

"Ke ma."

Bidiyon bai mutu ba. Ranar da ta koma shago sai da ta ji ƙus-ƙus a bayanta, ta dawo gida ta yi kuka, washegari ta sake fita. A hankali garin ya sami wani abin magana. Atika kuwa ta tafi wajen kakarta a Lambara, ta daɗe ba ta dawo ba.

Bayan an yi girbin gero aka ɗaura aure.

Sati biyu da tarewa, Mubarak ya ɗauke ta a babur zuwa bayan garin Shagari, inda ya mallaki ɗan fili. Babu komai a wurin sai turaku huɗu da tarin yashi. Ya ciro takarda da biro ya miƙa mata.

"Magini na zuwa jibi. Ban zana komi ba. Ke za ki ce ga inda ɗaki zai zauna, ga inda taga za ta kalla."

Ta dubi filin, ta dubi gidan da ke gefe, inda wata mata ke tankaɗe a bayan gajeren dannin kara.

"Wancan gidan na wa ne?"

"Wani manomi ne, Auwal. Shi da iyalinsa."

Ta mayar masa da takardar.

"To ka raka ni, mu fara shiga mu gaishe su. Ina son in tambayi matar gidan inda take zama in ta gaji, kahin mu sa bulo ko guda."

Mubarak ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Amarya ta ba da umarni," ya ce a hankali.

Ya jingine babur, ya bi bayanta. A bakin dannin ta tsaya, ta ɗaga murya ta yi sallama, suka jira har aka ce su shigo.