Taragon Dutsen Pinang

"Wata tara fa kika ce, Asiya! Wata tara!"

"Ka rage murya mana... Ummi tana ciki."

"To ta ji! Ai ita ma ta san ba haka muka yi ba."

Asiya ta ƙara jan mayafinta, ta jingina da ƙyauren kwanon da rana ta wuni tana gasawa. La'asar ta yi sakaliya, amma unguwar Jarwal ta Makka ba ta huce ba. Kwana huɗu ke nan da saukowar alhazai daga Mina, lungu ya cika da masu ɗaure akwatuna da jarkokin Zamzam. Mukhtaru na tsaye gabanta da kayan aiki, baƙin mai har gwiwar hannu. Daga warsha, inda yake gyaran motocin alhazai, ya zarce nan, ko ruwa bai watsa ba.

Shekara biyu yana sintiri a ƙofar nan. An sa musu rana, watan Safar. Sai ga wannan magana.

Ummi, wato Mariama, ba Bahausa ba ce. 'Yar Pinang ce, wani tsibiri can gabas mai nisa, cikin mutanen da 'yan Makka ke kira Jawa. Tana 'yar shekara goma sha bakwai ta zo hajji da mahaifinta, yaƙin duniya ya tsare hanyar teku, uban ya rasu ya bar ta ita kaɗai. Malam Kabo, wani tela Bakano da ke ɗinki a ƙasan masaukinsu, shi ya aure ta, ya riƙe ta da mutunci har Allah ya karɓi abinsa shekara uku da suka wuce. Asiya ce kaɗai 'yarsu da ta rayu.

To bana, shekarar 1965, sai ga wani alhaji siriri mai tabarau yana bin lunguna yana cigiyar wata Mariama. Ƙaninta ne, Haruna, wanda ta baro yana ɗan shekara tara. Ya ce ta zo ta ga gida. Ta ce ba ta taka jirgi sai da Asiya. Jirgin ruwan zai tashi daga Jidda nan da kwana goma sha biyu, kuma ba wani mai dawowa sai an fara jigilar alhazan baɗi.

"To ka zo mu tafi tare..." in ji Asiya, murya can ƙasa.

Ya dube ta kamar ta mare shi.

"Kin san ba ni da iƙama. Ranar da na sa ƙafa a jirgin nan, ni da Makka sai dai a mafarki."

Ta sani. Tun da ya zo hajji daga Damagaram shekara biyar baya, ya zauna ba takarda.

"Ba wata taran ne ya dame ni ba, habibti," ya ce, fushin ya sauka, abin da ke ƙarƙashinsa ya fito. "Ƙasarta ce fa. In kun je ta ce ta zo ke nan, za ki baro ta? Dube ni ki gaya min."

Asiya ta kawar da kai gefe.

Ya jira. Da ya ga ba amsa, ya gyaɗa kai, ya juya ya bi lungu. Ba ta kira shi ba, don ko ta kira ba ta san me za ta ce ba.

Washegari da hantsi suna tsintar shinkafa a tsakar gida. Idanun Asiya sun kumbura, Ummi ta yi kamar ba ta gani ba.

"Ki tuna min mu tafi da bargo," in ji Ummi. Shekara ashirin da biyar tana Hausa, amma har yau ƙ da k duk ɗaya ne a bakinta. "Saman dutsen Pinang akwai sanyi. Kuma da sassafe za mu je, kafin gajimare ya rufe gari. Haruna ya ce har yanzu sai an sake tarago a tsakiyar hanya..."

"Haba Ummi!" Asiya ta dire faifai. "Tun da Kawu ya zo, tarago, tarago! Ba ki da gida a can? Ba ki da dangi? Ni ina nan aurena yana rawa, ke kuma lissafin hawa dutse kike yi?"

Tana faɗa ta yi nadama. Ba ta taɓa ɗaga wa uwarta murya ba.

Ummi ba ta yi faɗa ba. Ta ci gaba da tsintar tsakuwa, sannan ta ce, "Matso, ya binti, 'yata."

Asiya ta matso.

"Ana gobe za mu shiga jirgin hajji, uwata ta ce mu hau dutsen nan, ni da ita. Tarago ne na katako, igiyar ƙarfe ke jan sa zuwa sama, a hankali, cikin daji. Birai a kan rassa, ganye yana shafar taga. Ita tsoro take ji. Ta damƙe min hannu har farcenta ya shiga fatata, ni kuwa sai dariya nake mata. Da muka kai ƙoli ta nuna min jirginmu a tasha, ɗan mitsitsi kamar wannan." Ta ɗaga ƙwayar shinkafa. "Ta ce, 'Ranar dawowarki nan zan hau in hango ki, ko tsoron zai kashe ni.'"

Ta mayar da ƙwayar cikin faifai.

"Sau biyu na ba alhazai saƙo, ba amsa. Na ce sun manta da ni. Ashe yaƙi ne ya tashe su daga unguwarmu. Haruna ya ce duk shekara in jirgin alhazai zai shigo, sai ta hau. Ita kaɗai, da tsoronta. Shekara goma sha huɗu, Asiya... har ta rasu."

"Wayyo Ummi..."

"Zan je kabarinta. Amma ni ban san ta a kabari ba, a taragon nan na san ta. Kuma ba zan iya hawa ba hannun da zan riƙe."

Asiya ta kifa kai a cinyar uwarta ta yi kuka mai isarta. Da ta lafa, ta yi tambayar da ke ranta tun jiya.

"Za ki dawo?"

"Ban sani ba. Ba zan yi miki ƙarya ba." Ummi ta shafa kanta. "Amma ke za ki dawo. Ki aika wa Usta ya zo cin abinci bayan Juma'a."

Haka take kiran Mukhtaru, Usta, kamar yadda ake kiran gwanayen warsha.

Ya zo, cikin farar jallabiya, fuska a ɗaure. Ya durƙusa ya gai da Ummi, ya ba Kawu Haruna hannu, suka zauna a tabarma. Asiya na bayan labule da butar shayi.

Bayan an ci an wanke hannu, Ummi ta ba shi labarin, a taƙaice, ba kuka. Mukhtaru ya sunkuyar da kai ya daɗe.

"Ni ma ina da tsohuwa a Damagaram," ya ce daga baya. "Ranar da zan taho ta raka ni har bakin tasha. Na ce mata shekara ɗaya..." Ya murza ido da babban yatsa. "Inna, ki yafe min. Ban san abin haka yake ba."

"Ba ka yi min komai ba, ɗana."

Ya ja numfashi, ya gyara zama, ya juya wajen Kawu. Nan take muryarsa ta koma ta warsha.

"Inna, tambaye min shi. Igiyar nan, kaurinta kamar me?"

Ummi ta juya maganar da harshensu. Kawu Haruna ya zagaye wuyan hannunsa da yatsu biyu.

"Kawai? Mutum nawa take ja? Injin a sama yake ko a ƙasa? In ta tsinke fa, akwai birki?"

Kawu ya fashe da dariya har tabaransa ya zame. Ya ɗauki finjali biyu na shayi, ya ɗora ɗaya a kan matashi, ɗaya a ƙasa, ya nuna yadda wannan ke sauka wancan na hawa, su yi kiciɓis a tsakiya kowa ya bi gefensa. Mukhtaru ya tsura ido, ya karɓi finjalin ya gwada da kansa.

"Mashallah! Wanda ya ƙera wannan ya yi tunani. To amma ku zauna ta gefen dutse, kada ku zauna ta gefen rami. Kuma kada ku je ranar hutu, mutane sun yi yawa, kaya ya yi nauyi. In an yi ruwa ku fasa."

"Ya ce can kusan kullum ana ruwa," in ji Ummi.

"Kullum? To ku je ranar da aka yi kaɗan! Kuma a ba Asiya lemun tsami ta riƙe, ko soro ta hau jiri take ji."

"Ƙarya ne!" Maganar ta kuɓuce wa Asiya daga bayan labule kafin ta kama bakinta.

Duka suka kwashe da dariya, har Kawu da bai ji me aka ce ba. Rabon Asiya da ta ji uwarta ta yi irin wannan dariya tun Malam Kabo na da rai.

Da dariyar ta lafa, Ummi ta gyara lulluɓi.

"Usta, ka je wajen Baffanta Mailafiya yau. A ɗaura kafin mu tafi, tarewa sai ta dawo."

Mukhtaru ya ɗago da sauri.

"Ba don kai kaɗai ba ne," in ji ta. "Zuciyata nake tsoro. In na ga gida, wataƙila in so in zauna, in kuma so in riƙe ta. Matar mutum kuwa ba a riƙe ta a ƙasar wasu, ko uwarta ce. Ku ɗaure min hannu tun daga nan."

Bayan labule, Asiya ta ajiye butar shayi a hankali.

Ranar Alhamis aka ɗaura, bayan la'asar, a zauren Baffa Mailafiya. Ba kiɗa, ba taro mai yawa: abokan warsha, maƙwabta, da wasu Jawa shida da Kawu ya gayyato, suka zauna suna cin fura da cokali suna yaba ta da kai. Matan lungu suka zo suka sa wa Asiya lalle, suna tsokanarta da amaryar da za ta tare a cikin teku.

Kwana uku bayan nan, da hantsi, motar Jidda ta tsaya a bakin hanya. Mukhtaru ya riga kowa zuwa. Ya duba tayoyi, ya leƙa ƙarƙashi, ya sa direba ya taka birki sau uku, har mutumin ya ce, "Halas ya Usta, ai kai ka gyara ta!" Ba zai bi su Jidda ba, lokacin fitar alhazai ana tsare motoci ana tambayar takardu.

Ummi da Kawu suka shiga suka zauna, suka juyar da kai gefe da gangan.

Asiya ta tsaya a gindin mota.

"Malam..." ta ce. Yau ne karo na farko da ta kira shi haka, kamar yadda uwarta ke kiran ubanta.

Ya yi murmushi, amma idonsa ya kaɗa.

"Ki riƙe mata hannu da kyau. In ta yi kuka ki bar ta ta yi. In kuma ta ce za ta zauna, kada ki tilasta ta, kin ji? Ki tsaya har hankalinta ya kwanta, sannan ki taho. Ko an ƙara wata ɗaya ba zan mutu ba."

"Wata biyu fa?"

"A'a, wannan kam zan mutu."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. "Ni fa ban san yadda zan yi ba in na yi kewarka... ba inda zan hango ka."

"Wa ya ce? Ina za ki dosa in za ki yi salla?"

"Alƙibla mana."

"To. Ba ni za ki fuskanta ba, astagfirullah! Amma in kin sallame, ki ɗan karkata ido kaɗan. Jarwal ai ba nisa da Harami. Ina nan gefe, cikin baƙin mai, sau biyar a rana."

Direba ya danna ƙaho. Mukhtaru ya miƙa hannu ya taimaka mata ta hau, karo na farko da hannunsa ya taɓa nata, ya kuwa ƙi saki har mota ta fara motsi. Ya bi ta taku uku, huɗu, sannan ya tsaya.

Asiya ta zauna kusa da uwarta tana share fuska. Ummi ta lalubo hannun nan mai lalle, ta damƙe.