Batir Mai Jan Rubutu

Ƙarfe goma na safiyar Lahadi aka bugo wa Sufeto Rumyana Kehayova waya cewa bindiga ta fashe a hannun wani mutum a filin gasar harbi na maharban ƙauyen Gorna Buka. Kofin da ta zuba ma bai kai bakinta ba.

Zaprin ne abin ya rutsa da shi, mai busa sarewa a bukukuwan aure. Yatsu uku suka tafi. Kafin ta isa an wuce da shi asibiti, sai ta tarar da ubansa, Manol mai gareji, yana ta kumfar baki.

"Ga wanda ya nakasa min ɗa can! Dinko ne ya ɗura harsashin. Tsufa ya cinye masa kai, amma ya ƙi ajiye aiki!"

Tsohon, wanda ake kira Bai Dinko ("Bai" a harshensu kamar "Baba" ne), na zaune a kan kututture, hula a hannu. Shekara arba'in yana ɗura harsashinsa da kansa, sau tara yana cinye gasar. Idan sakaci ya tabbata a kansa, za a ƙwace lasisinsa a gurfanar da shi a kotu. Mutanen Gorna Buka kuwa, sunan da suka laƙaba maka da shi za a binne ka.

Rumyana tana da wani hali da ke gajiyar da abokan aikinta: ba ta iya ganin na'ura ta wuce ba ta tambayi yadda take aiki ba. Da suka shiga ɗakin aikin tsohon, kai tsaye ta nufi ɗan sikelin da yake auna albarushi da shi.

"Bai Dinko, ga soket a bango. Me ya sa kake sa masa batir?"

"Wutar ƙauyen nan ai 'yar rawa ce, 'yata. Matata Tsveta na kunna injin wanki sai lambobin su kama tsalle. Batir kuwa ba ya rawa. Ran ɗaya ga kowane wata nake canzawa, in rubuta kwanan wata a jiki da jan alƙalami."

Ta buɗe bayan sikelin. "Waɗannan sha biyu ga wata aka rubuta."

"Na ɗaya ga wata sun mutu da wuri. Ni ma abin ya ɗaure min kai."

Ya ciro wani dunƙulen tagulla daga ƙaramin akwati ya ɗora. Sikelin ya nuna giram hamsin cif.

"Kin gani? Duk canjin batir sai na saita shi da wannan. Shi ke faɗa masa gaskiya."

"Shi kuma wa ke faɗa masa?"

Rumyana ta ɗauke tagullar ta sa a aljihu. Ta zazzage gwangwanin da yake tara matattun batir. Kowanne da jan rubutunsa, ban da guda biyu.

"Wa ke shiga ɗakin nan?"

"Ba kowa. Daga ni sai mabuɗina."

Ya faɗa da sauri, idonsa na kan takalminsa.

A kicin, matarsa Tsveta ta tura mata faranti da yankan banitsa mai zafi, wato gasasshiyar fulawa mai cuku a ciki, ba tare da ta tambaya ko tana so ba. Ashe ta jiyo amsar mijinta.

"Ba kowa? Ƙarya yake, tsohon banza! Ran Alhamis Manol ya zo gyara masa ƙofar ɗakin. Shi kuma ya bar baƙo a ciki ya tafi ɗebo giya, har da tsayawa zaɓen kofuna. Tsoro yake ku ce ya bar albarushi ba tsaro."

"Suna shiri da Manol?"

"Shirin na ɗaya da na biyu. Sau tara Manol na zuwa na biyu. Har yara sun daina kiransa da sunansa, sai dai Bai Na-biyu."

Daga nan Rumyana ta tsallaka kantin magani, ta roƙi matar da ke wurin ta ɗora tagullar a sikelinta. Giram hamsin da biyar. Ta juya gindin ta kankare da makulli, sai ga toka-tokar darma a ƙarƙashi. Wannan ba na Dinko ba ne, kwaikwayonsa aka sassaƙa aka cusa masa nauyi. Sikelin da aka saita da shi zai riƙa rage awo, mai aunawa kuma ya yi ta ƙara albarushi yana ganin daidai yake. Daɗi ya kama ta, irin na wanda ya warware ƙulli, sai ta tuna da yatsun Zaprin, daɗin ya gushe.

Saura tambaya ɗaya, ta kai ta asibiti.

"Ubanka ma yana ɗura harsashi. Me ya kai na Dinko bindigarka?"

Zaprin ya kau da kai. "Na babana ba sa tafiya daidai, kowa ya sani. Da safe na roƙi Bai Dinko guda biyar a ɓoye. Don Allah, Sufeto, kar ki faɗa masa. Zai ji ciwo."

Da la'asar ta sami Manol a garejinsa, tsaye kusa da injin sassaƙa ƙarfe. Wata tsohuwar rediyo na ta waƙa a kan benci.

"Kun kama shi?"

"Tukuna. Ran Alhamis ka shiga ɗakinsa?"

"Ƙofa na gyara, daga waje. Sikelinsa ko kallonsa ban yi ba."

"Ban ambaci sikeli ba tukuna, amma bar shi. Wannan injin yana sassaƙa tagulla?"

"Kowane gareji yana da irinsa."

Gaskiya ne, kuma da ya zubar da abin da ya ɗauko, da a nan binciken zai cije. Amma Manol mutum ne da ko lanƙwasasshiyar ƙusa ba ya yarwa, sai ya miƙe ta ya ajiye. Rumyana ta ga gwangwanayen tsofaffin ƙusoshi jere a bango, ta dubi rediyon.

"Tana da murya. Batir take ci?"

Ba ta jira amsa ba. Ta ɗauka, ta zare murfin baya, waƙar ta yanke. Batir biyu suka faɗo tafin hannunta, kowanne da jan rubutu: ɗaya ga Oktoba, da hannun Bai Dinko.

"Ka cire masa masu rai ka sa matattu, don dole ya sake saita sikelin da tagullarka. Amma ranka bai ba ka ka yar da batir mai sauran kwana ba."

Manol ya zauna a kan taya.

"Sau ɗaya kawai nake so ya kuskure. Harbinsa ya tashi sama, a yi masa dariya, shi ke nan. Bindigarsa sabuwa ce, na san za ta ɗauka." Muryarsa ta karye. "Ta Zaprin kuwa ta kakansa ce. Me ya kai shi? Ga nawa na ba shi cike da akwati!"

Rumyana ta san amsar, ta kuma riƙe ta. Ta ji tausayinsa, amma tausayi bai hana ta ciro ankwa ba.

A cikin mota ya ce, "Sufeto, ki bi da ni ta asibiti."

"Zan bi. Me za ka ce masa?"

Manol ya sunkuya yana kallon hannayensa cikin ankwa, yatsu goma cif, babu wanda ya ɓata.